Yadda ake fitar da dattin da ya kafe a bututun bindigar farauta

Yawancin maharba in sun dawo daga daji tsumma kawai suke zurawa a bututu sau biyu, su ɗiga mai su rataye, wai an goge bindiga kenan. To tsumma baƙin albarushi na sama-sama yake kwasowa, abin da ya kafe yana nan daram, kuma shi ma ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa za ka ga mutum ya yini yana dirza amma bututun bai yi haske ba.

Kafin komai ka karya bindigar, wato ka buɗe ta, ka cire harsashi, ka leƙa da idonka, ka sa yatsa ka taɓa, in mai baki biyu ce duka biyun. Kar ka ce ai na san babu komai a ciki. Harsasan ma ka kai su wani ɗaki. Sannan ka cire bututun daga jikin ƙota ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa ta baya.

Abin da za ka gani kusan kala huɗu ne. Akwai baƙin albarushi, wannan mai sauƙi ne. Akwai wasu zane-zane dogaye masu duhu da suke bin tsawon bututun, wannan roba ce, robar nan da take riƙe da ƙwayoyin dalma a cikin harsashi, zafi da gudu ne suke sa ta goga jikin ƙarfe ta bar sauranta. Akwai ita dalmar kanta, launin toka-toka mai ɗan ƙyalli. Sai tsatsa, ja-ja. Roba da dalma sun fi taruwa a wuri biyu, gaban gidan harsashi kaɗan inda bututun ya fara tsukewa, da kuma can kusa da baki.

Aikin jiƙo ne ba na ƙarfi ba. Ka jiƙa tsumma da man wanke bindiga irin su Hoppe's No. 9 ko Ballistol in kana samu, in babu kananzir ma yana yi, ka zura ta baya zuwa baki har ko'ina ya jiƙe sharkaf, ka kwantar da bututun ka tafi harkarka, minti 20 ko 30, in ya daɗe ba a wanke ba ka bar shi ya kwana. Fetur dai a'a, don Allah, tartsatsi ɗaya ya isa. Ita roba kananzir ba ya cin ta sosai, asiton ne maganinta, wanda ke cikin ruwan goge jan farce na mata, amma ka kiyaye kar ya ɗiga a ƙota don yana cinye fentin katako nan take, kuma a tsakar gida za ka yi inda iska ke kaɗawa.

Bayan ya jiƙa sai burushi. Na tagulla ake so, daidai da faɗin bututun, bindiga mai lamba 12 faɗin bututunta wajen milimita 18 da rabi ne, burushin da ya yi ƙarami wasa kawai yake a ciki. Ka tura shi ya fita ta baki gabaki ɗaya kafin ka jawo shi baya, in ka juya shi a tsakiya gashinsa lanƙwashewa yake. Sandar da za ka ɗaura burushin kuma ta katako ko ta alminiyam, ba rodin gini ba. Sau goma sha wani abu, sai tsumma mai tsabta, za ka ga robar tana fitowa siri-siri kamar ɓawon albasa, dalma kuma ƙananan ɓarɓashi masu walƙiya a jikin tsumman.

In har yanzu zanen yana nan, ga dabarar da ta fi aiki a wurina. Ka samo soson wanke tukunya na tagulla, ka warware kaɗan ka naɗa a kan tsohon burushi har ya shiga da ɗan matsi, ka jiƙa shi, ka dirza wurin. Tagulla ta fi dalma tauri amma ba ta kai ƙarfen bututu ba, don haka tana kankare datti ba ta ji wa bututun ciwo. Amma fa ka gwada soson da maganaɗisu tukuna, da yawa a kasuwa ƙarfe ne aka yi masa ruwan tagulla, in ya manne ka mayar wa uwargida kayanta. Wasu suna ɗaura sandar a injin huda su juya a hankali, yana sauri kam, sai dai ni ban so a daɗe a wuri ɗaya musamman wajen baki. Samfefa kuwa kar ma ka fara.

Masu bindigar toka ta ɗuri, naku daban ne. Albarushin gargajiya yana barin gishiri-gishiri mai jan laima, mai ba ya narkar da shi, ruwan zafi da sabulu ne, a zuba a zubar har ruwan ya fito fari, a busar sosai tun ƙarfen yana da ɗumi sannan a shafa mai, kuma ranar da aka harba ake yi, da damina kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama. Ka fara auna zurfin bututun da sandar ɗuri ka tabbatar babu ɗuri a ciki.

Tsatsar sama tana fita da mai da soson tagulla. Wadda ta ci ta yi ramuka ba a goge ta, ƙarfen ne ya tafi, ka kai wa wanda ya san gyaran bindiga ya duba kafin ka sake harbawa, balle ƙirar gida da bututunta ba shi da kauri.

Da ka gama ka bi da busasshen tsumma har ya fito fes, sai mai ɗan kaɗan, man keken ɗinki ya wadatar. Man gyaɗa da manja daskarewa suke su yi danƙo, ƙurar hunturu ta zo ta zauna a kai. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci saboda dalma guba ce, tsummokaran ma kar a bar yara su ɗauka. In za ka ajiye ta daɗe ka sa ta a jaka ko ka ɗaure bakin da ƙyalle, zanzaro yana son ramin bututu, zai cika shi da laka ba ka sani ba, kuma bututun da ya toshe fashewa yake a hannun mai harbi. Ranar fita ka kwance ƙyallen, ka zura busasshen tsumma ya kwashe man, ka leƙa ka ga haske ya fito ta ɗaya bakin sannan ka sa harsashi.