Kwamfutarka ta fara mutuwa bayan ka ƙara mata RAM? Kada ka yi saurin goge Windows

Masu kawo min irin wannan gyaran, yawancinsu sun riga sun sauke Windows sun ɗora sabuwa, ciwon kuma yana nan. To ai dole. In kwamfutar tafi-da-gidanka tana lafiya lau, sai da aka ƙara RAM (ɗan allon ƙwaƙwalwar aiki na kwamfuta) ta fara daskarewa, ko fuskarta ta koma shuɗiya da rubutun MEMORY_MANAGEMENT ko PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, RAM ɗin za ka fara tuhuma.

Kashe ta, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne, ka danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci. Buɗe murfin da RAM ɗin yake, ka ware 'yan ƙarafunan da ke riƙe shi ta gefe, RAM ɗin zai ɗago da kansa. Goge haƙoran nan masu ruwan zinariya da robar goge fensir, ka hure ƙurar gurbin, musamman lokacin hunturu. Mayar da shi a karkace, ka tura har haƙoran su kusa ɓacewa, sannan ka danna ƙasa sai ka ji ƙas. Rashin zama daidai kaɗai yana jawo duk wannan rigimar.

In ba ta daina ba, sai gwaji ɗaya bayan ɗaya. Tsohon shi kaɗai, sannan sabon shi kaɗai, sannan sabon a ɗaya gurbin. Nan za ka gane ko RAM ɗin ne, ko gurbin, ko kuwa su biyun ne ba sa jituwa.

Yanzu karanta takardar da ke manne a jikin RAM ɗin, don a nan aka fi yin asarar kuɗi. PC3 da PC3L, wato nau'i biyu na RAM ɗin DDR3, kamarsu ɗaya, haƙora 204 kowanne, gurbi ɗaya suke shiga. Amma PC3 wutar volt 1.5 yake ci, PC3L kuma volt 1.35. Kwamfutoci masu processor na Intel zubi na huɗu, irin na wajajen 2013 da 2014 da suka cika kasuwar kwamfutoci na hannu, PC3L suke so. Ka sa musu PC3, wata ta ƙi tashi sam, wata ta tashi ta yi ta faɗuwa. Mai sayarwa zai ce maka ai duk ɗaya ne. Ni dai ba na karɓa sai na ga harafin L da idona. Tsofaffi na wajajen 2010 kuma sukan ƙi RAM mai 4GB in 1Rx8 aka rubuta, sai 2Rx8. Shi DDR4, nau'in RAM da ya biyo bayan DDR3, haƙoransa 260, ba ya ma shiga gurbin DDR3, kada ka tilasta.

Idan duk wannan ya yi daidai, danna maɓallin Windows da R, rubuta mdsched.exe, ka bari ta sake tashi ta gwada kanta. Amma na fi yarda da manhajar gwajin RAM mai suna MemTest86: a ɗora a filash, a tashi kwamfutar da shi, a bar shi ya kammala zagaye huɗu. Yana cin sa'o'i, don haka ka tabbata akwai wuta. Kuskure ko ɗaya ya nuna, mayar wa mai shago kayansa, ka tafi da hoton sakamakon a wayarka.

Bayan ka samu mai kyau, buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, a matsayin mai gudanarwa (administrator) ka rubuta sfc /scannow, domin RAM mai ciwo yakan lalata fayilolin Windows kafin a cire shi.