Idan ƙunar yaro ta warke amma ƙaiƙayi ya hana shi barci

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Hunturu ya kama, yara na zagaye murhu suna jin ɗumi, ƙuna ta yi yawa a ƙauyukanmu na wajen Ringim da Gumel. Abin da ke tayar min da hankali shi ne bayan ciwon ya rufe. Sabuwar fatar ba ta fitar da maiƙo kamar da, sai ta bushe ta riƙa ƙaiƙayi, musamman da dare, wani har watanni.

Yaro ya kasa barci, ya zama mai rigima, ya daina fita wasa don kunyar tabon. Uwa ta kwana zaune tana ganin laifin kanta. Don Allah kar a yi masa tsawa ko duka don yana susa, ba da gangan yake yi ba.

A yanke masa farce. A shafa man kaɗe ko Vaseline sau da yawa a rana, amma inda ya rufe kawai. A ɗora tsumma mai sanyi, a sa masa rigar auduga. Maigida ma ya karɓi uwar wani daren ta runtsa.

In ya soshe har jini, a kai shi asibiti, akwai maganin ƙaiƙayi da likita ke bayarwa.