Yadda na gyara bawul ɗin salansa da ya ƙi rufewa

Jirgin ruwana mai gudu yana da salansa mai hanya biyu: ka danna makunni, bawul ya karkatar da hayaƙin ta ƙarƙashin ruwa, ƙara ta ragu. Sai bawul ɗin ɓangaren dama ya daina rufewa.

Fis lafiya lau, makunni ma haka.

Da na ɗora mita a kan solenoyid ɗin, wato na'urar lantarkin da ke motsa bawul ɗin, wutar ba ta kai volt 12 ba. Ashe gishiri ne ya ci kan wayar nagetif har ya yi kore. Na cire kan batir tukuna, na kwance notin, na goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗaure tam, na shafa giris. Sandar bawul ɗin ma na kankare baƙin hayaƙin da ya daskare a kanta.

Alhamdu lillahi, yanzu danna ɗaya sai ka ji ƙas, ya rufe.