Yadda Malami Zai Koyar da Darasin Muhalli da Waya Guda a Zariya

Malamin da ke koyar da darasin zamantakewa ko na muhalli a Zariya ba sai ya jira an gina masa ɗakin kwamfuta ba, domin wayar hannu guda mai kyamara ta wadatar, matuƙar ya san abin da yake so ɗalibansa su gani. Shiri kuwa tun da daddare ake yin sa: ya cika wayar da caji, ya adana hotunan taswirar da zai nuna tun intanet na da ƙarfi, don kada ɗaukewar wuta ko ƙarewar data ta katse masa darasi.

A ganina, babu abin da ya fi dacewa a fara da shi kamar manhajar Google Earth, mai nuna hotunan ƙasa da aka ɗauka daga sama. Malam ya fara nemo rufin makarantar, ya bar yara su gano masallacin unguwarsu da kasuwa da kansu, sannan ya ja su zuwa ganuwar Zazzau, su bi sawunta daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan, su lura da inda ta rage da inda gine-gine suka cinye ta. Daga nan ne labarin Sarauniya Amina da Dutsen Kufena zai zauna musu, tunda sun ga wuraren da idonsu.

Manhajar tana ajiye da tsofaffin hotunan sama, kuma a nan ne darasin muhalli yake da daɗi. A ɗora hoton unguwa na shekarun baya kusa da na yau, a ce yara su ƙirga kududdufai. Waɗannan ramuka, da aka haƙa don ɗebo ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan damina, amma an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Sai malam ya tambaya: ina ruwan watan Agusta zai nufa yanzu? Yaron da ambaliya ta taɓa shiga zaurensu ba zai rasa amsa ba. Haka za a yi da gaɓar kogin Kubanni da ta kogin Galma.

Idan aji ya cika maƙil, a raba yara biyar-biyar, wayar tana zagayawa, sauran suna zana taswirar hanyarsu daga gida zuwa makaranta.

Wajibi ne kuma a fita waje. A zaɓi kwata guda kusa da makaranta, a ɗauki hotonta daga wuri ɗaya da rani, da farkon damina, da tsakiyarta, yara su ga yadda ledar ruwa ke toshe ta. A yanke gorar roba a kafa a fili, a riƙa auna ruwan da ya taru da rula kowace safiya, a kwatanta jimillar da kimanin milimita 1,000 da Zariya ke samu a shekara.

Ana iya naɗar muryar wani dattijo yana bayyana yadda unguwar take a zamanin ƙuruciyarsa, bayan an gaishe shi an nemi izininsa. Hotunan yara kuwa, kada a tura su WhatsApp ko Facebook sai iyayensu da shugaban makaranta sun amince.