Yadda Baƙo Zai Iya Bakinsa a Amurka, Ya Kuma Riƙe Addininsa

Shekara 16 ke nan ina aikin jinya a jihar Maryland, kuma da wuya a yi wata uku ban sauki baƙo daga gida ba: ɗalibi, ko amaryar da mijinta ya yi wa takardu, ko magidanci da ya zo neman na kansa. Koya wa mutum hawa jirgin ƙasa da sayen rigar sanyi ba ya cin mako guda. Abin da ke kayar da mutanenmu a ƙasar nan baki ne. Na san wanda ya rasa aiki mai kyau saboda magana ɗaya da ya yi a ɗakin cin abinci, maganar da in a majalisar ƙofar gida ya yi ta a Kano, ba wanda zai ko waiwayo. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da nake gaya wa baƙina bayan sun ci tuwo sun huta. Da "ka" zan yi magana, amma ke ma ƙanwata da ke nake.

Ka fara da sanin cewa abin da ake ɗauka daidai a nan ya sauya da sauri ƙwarai, a cikin rayuwar mutum ɗaya. A 1958, da cibiyar jin ra'ayi ta Gallup ta tambayi Amurkawa ko sun yarda baƙar fata ya auri farar fata, kashi 4 cikin 100 ne suka ce sun yarda. A 2021 sun kai kashi 94. Har zuwa 1967 akwai jihohin da irin wannan aure laifi ne a cikinsu, ciki har da Virginia da ke nan ƙetaren kogi daga inda nake, sai da Kotun Ƙoli ta soke dokar. Haka batun auren jinsi ɗaya: kashi 27 ne suka goyi baya a 1996, a 2022 kuma kashi 71. Barack Obama kansa bai fito fili ya goyi bayansa ba sai a 2012. Saboda haka dattijon da kake yi wa gwajin jini da yarinyar da kuke aiki tare, kamar a ƙasashe biyu suka tashi. Kuma lamarin bai tsaya ba, gaba yake yi yana baya. A 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin cewa jinsi biyu kaɗai gwamnatin tarayya ta sani, namiji da mace. Abin yi a nan mai sauƙi ne. Watanni ukun farko ka zama mai kunne. Ka lura da kalmomin da mutane ke kiran kansu da su, da abin da ake yin shiru idan an ambata.

Batun launin fata shi na fi jan baƙina a kai, don nan muka fi yin kuskure ba tare da mun sani ba. A gida kai Bahaushe ne, ko Bafulatani, ko Babarbare. Daga ranar da ka fito daga filin jirgi, ɗan sanda da mai gidan haya baƙar fata kawai suke gani. A Fabrairun 1999 'yan sanda suka harbi Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, a ƙofar gidansu a unguwar Bronx ta New York, harsashi 41 suka saki, walat ɗinsa ne kawai a hannunsa. Ba wanda ya tsaya tambayar daga wace ƙasa ya zo. In an tsayar da kai a mota, ka ɗora hannayenka biyu a kan sitiyari, kada ka kai hannu aljihu sai ka faɗa musu abin da za ka ɗauko.

Amma duk da haka za ka ji wasu 'yan Afirka suna raina Baƙaƙen Amurka, suna ce musu malalata, suna kiransu da sunan nan "akata" da ya yaɗu a bakin 'yan Najeriya. Kada ka ɗauki wannan hali. Sun san kalmar, kuma tana yi musu ciwo. Wani lokaci kuma Bature ne zai yabe ka, ya ce ku 'yan Afirka kun fi waɗannan ladabi da ƙwazo. Kada ka yi murmushi ka karɓa. Ni nakan ce: ai da wahalarsu na samu wurin tsayawa a nan. Kuma gaskiya ce. Gwagwarmayarsu ce ta haifar da dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964 da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, a cikin guguwar nan kuma aka sauya dokar shige da fice a 1965, aka cire tsarin da ke fifita mutanen Turai. Ƙofar da muka shigo ta nan, su suka sha duka kafin ta buɗe.

Duk baƙon da ya sauka a gidana, sai na kai shi gidan tarihin Baƙaƙen Amurka da ke Washington, wanda aka buɗe a 2016. Ba a biyan kuɗin shiga. Ana fara saukar da mutum can ƙarƙashin ƙasa, inda haske ba shi da yawa, daga nan ya riƙa hawowa sannu a hankali yana bin tarihin daga cinikin bayi. Akwai mari na ƙarfe ƙanana, waɗanda sai ƙafar yaro za su shiga. Akwai ɗakin da aka ajiye akwatin gawar Emmett Till, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Mississippi a 1955, ba a yarda a ɗauki hoto a ciki. Na taɓa zuwa da wani ƙanen mijina mai surutu, tun daga mota yake zuba. Da muka fito daga ɗakin nan sai ya nemi benci ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, har muka iso gida bai ce uffan ba. Ka sani kuma cikin waɗanda aka kawo a ɗaure akwai Musulmi masu karatu daga yankinmu na Afirka ta Yamma, irin su Umar ibn Sa'id na Futa Toro, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana cikin bauta a North Carolina.

Sai kalmomi. Wanda ka ga ya kira kansa Black, ka kira shi haka, wanda ya ce African American, ka bi shi. Negro tsohon yayi ne, an daina. Kalmar nan kuwa mai farawa da harafin N da kake ji a waƙoƙin samari, ko da wasa kada ta fito daga bakinka, ko kana bin waƙa ne. Kalma ce da aka kashe mutane ana faɗarta. Magana zarar bunu ce.

Yanzu ga wurin da baƙina suka fi gyara zama idan na zo kansa. A wurin aikinka za ka haɗu da masu neman jinsi ɗaya, da kuma waɗanda suka sauya jinsi. Wani shugabanka ne, wani majinyacinka ne, wata kuma ita za ta koya maka aikin. Daga ƙasar da ka fito, a Najeriya, dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya. A nan kuwa Kotun Ƙoli ta halatta shi a duk jihohi ranar 26 ga Yunin 2015, majalisa kuma ta ƙara masa kariya da doka a 2022. Ba wanda zai tilasta ka sauya abin da ka yi imani da shi, ni ma ban sauya ba. Abin da ake nema gare ka shi ne kada ka wulaƙanta mutum, kada ka tauye masa haƙƙi, kuma wannan ai ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san haƙƙin maƙwabtaka.

Ga abin da nake so ya zauna maka a rai. Sashe na bakwai na dokar 1964 shi ne ya hana mai kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye ya kore ka saboda launinka ko addininka. Da shi wata yarinya Musulma, Samantha Elauf, ta yi nasara a Kotun Ƙoli a 2015 a kan wani kamfanin tufafi da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta. Da shi nake sa hijabina a asibiti, da shi mijina ke samun fita sallar Juma'a. Wannan sashe ɗin dai, a 2020, kotun ta ce ya hana korar mutum saboda yana neman jinsinsa ko ya sauya jinsi, kuma alƙalin da ya rubuta hukuncin, Neil Gorsuch, Trump ne ya naɗa shi. Rumfa ɗaya ce muke ciki. Wanda ya ce a yaye ta daga kan wani, ya sani rana za ta iso kansa.

A aikace kuwa, ka kira mutum da sunan da ya ba ka. In ka rasa ko "shi" za ka ce ko "ita", ka yi amfani da sunan kawai, yana fitar da kai. In abokin aiki ya ce mijinsa ba shi da lafiya, ka ce Allah ya ba shi lafiya, kamar yadda za ka ce wa kowa. Akwai wata da muka yi shekara shida muna aikin dare tare, mace ce matarta. A azumi ita ke karɓar majinyatana na minti goma in sha ruwa in yi magariba, ba tare da na roƙa ba. Wani dare wajen ƙarfe uku, muna zaune muna cike takardu, ta ajiye biro ta dube ni ta ce, addininki me ya ce a kaina? Ban yi mata ƙarya ba. Na ce addinina bai halatta wannan aure ba, kuma addinin nan dai ya hana ni cutar da ke ko cin namanki, kuma kin san matsayinki a wurina. Ta yi shiru, ta ce ta gode da ban ɓoye ba. Ka lura, ita ta tambaya, kuma bayan shekaru na cin gishiri tare. In ba a tambaye ka ba, kada ka buɗe wa'azi a wurin aiki. In an matsa maka a gaban jama'a, ka ce ba ka tattauna addini a bakin aiki. In an gayyace ka bikin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba, ka gode, ka ce ba za ka samu zuwa ba, ba sai ka kawo dalili ba.

Kuma kada ka ɗauka Hausa za ta rufa maka asiri a Facebook ko TikTok. Maɓalli ɗaya ake dannawa a fassara abin da ka rubuta. Zagin da ka yi da dare yana iya riga ka isa ofishin shugabanka da safe.

Siyasa ba zan daɗe a kanta ba. In ba ka zama ɗan ƙasa ba, kada ka yi rajistar zaɓen tarayya, ko da an miƙo maka takardar a ofishin lasisin tuƙi. Laifi ne da ke iya sa a mayar da mutum gida. Akwai ƙananan garuruwa irin su Takoma Park da ke barin baƙi su yi zaɓen gari, wannan daban ne. Kada kuma ka yi wa mutum hukunci daga fuskarsa, akwai baƙaƙe 'yan Republican, akwai Turawan ƙauye 'yan Democrat. Jam'iyyun biyu ba wadda za ta zauna maka daidai kamar rigar da tela ya auna ka. Musulmi ma kansu ba ɗaya ba ne: Ilhan Omar, wadda saboda zuwanta Majalisar Wakilai aka sassauta dokar hana rufe kai a 2019, tana goyon bayan haƙƙin masu neman jinsi ɗaya, alhali majalisar garin Hamtramck a Michigan, wadda a lokacin duk Musulmi ne, ta hana kafa tutar masu neman jinsi ɗaya a filayen gwamnati a 2023.

Mai 'ya'ya kuwa, aikinsa ya fi yawa, don su ta talabijin da waya da makaranta sauyin ke iso musu kafin ya iso gare ka. Wani sauyin za ka yi murna da shi. 'Yata tana da 'yar tsana mai hijabi da aka yi don girmama Ibtihaj Muhammad, wadda ta ci lambar tagulla a wasan takobi a gasar Olamfik ta 2016 da hijabinta. Wani kuma zai ɗaure maka kai. Ƙwace waya ba ya magani, ka zauna ka kalla tare da su, ka tambaye su abin da suka fahimta. Ka riƙa zuwa taron iyaye, ka nemi jerin littattafan da za a karanta a shekarar, haƙƙinka ne. A gundumarmu ta Montgomery, iyaye Musulmi da Kirista sun kai ƙara har Kotun Ƙoli kan wasu littattafan labarai masu ɗauke da batun jinsi, a Yunin 2025 kotu ta ce suna da damar a sanar da su, su kuma cire 'ya'yansu daga darasin. In za ka yi haka, ka rubuta wa makaranta takarda cikin ladabi, ba tare da aibata kowa ba, don a cikin ajin akwai yaran da gidansu ke nan.

Ranar da 'yata, tana shekara bakwai, ta dawo ta ce ƙawarta uwa biyu gare ta, babu uba, ina tsaye ina yanka albasa. Na ajiye wuƙar, na zauna a kan kujera har idanunmu suka daidaita. Na ce mata gidaje a ƙasar nan iri-iri ne, mu a addininmu aure tsakanin namiji da mace ne, kuma in ta girma za mu ƙara magana. Na ce ƙawarki kuwa ƙawarki ce, ba ki da izinin tsokanarta, in kin ga ana tsokanarta ki tsaya kusa da ita. Ta ce to, za ta iya kai mata cincin gobe? Na ce ki ɗauko leda mu zuba.