Yadda za ka riƙe safiyarka a aikin jigilar kaya ta ruwa

Aikin jigilar kaya ta ruwa aiki ne da agogonsa ba ya hannunka. Jirgi na da lokacin shigowarsa, tasha na da lokacin da take daina karɓar kwantena, kwastan na da nasu wa'adin, teku kuma yana cikowa yana janyewa, ba ruwansa da wanda bai shirya ba. Ni ejan jiragen ruwa ne, aikina tsakanin kyaftin da hukumar tasha da masu kaya yake. Duk sabon ma'aikacin da aka haɗa ni da shi, abin da nake fara koya masa shi ne yadda zai riƙe awa biyun farko na safiyarsa, domin wanda suka kuɓuce wa, ranar nan sai dai ya wuni yana bin matsala a baya.

Ka fara da takarda kafin ka taɓa waya. Tun da yamma, kafin in bar ofis, nakan rubuta da hannu duk abin da ƙofarsa za ta rufe gobe: mene ne, ƙarfe nawa, a hannun wa yake. Da safe ita nake fara dubawa. Saƙonnin da suka taru cikin dare ba bisa muhimmanci suke jeruwa ba. Mai kayan da ya fi kowa kumfar baki, wanda ya aiko saƙo biyar yana tambayar ina kwantenarsa, sau da yawa tasa tana tsakiyar teku lafiya lau, babu abin da za ka iya yi mata yau. Wadda za ta ja maka asara ita ce wadda ba wanda ya ce uffan a kanta, alhali da azahar wa'adinta zai cika.

Ba na kashe waya da dare, sana'ar ba ta yarda da haka ba. Amma lambobi kaɗan na bari su yi ƙara: ta kyaftin ɗin jirgin da nake jira, ta ofishin da ke tsara shigowar jirage, da ta abokin aikin da ke kwanan aiki. Abin gaggawa na gaske kira ake yi a kansa, ba a jefa shi a imel a zauna jira. In dai wayar ba ta yi ƙara ba, minti ashirin ɗin farko naka ne. Ka tashi a lokaci ɗaya kullum gwargwadon hali, ka fita hasken rana ya taɓa idonka, ka sha ruwa, ka motsa jiki ko na minti goma ne.

Sai jera aiki. A saman takarda nake sa abin da in ya wuce ba ya dawowa. Tun daga 1 ga Yulin 2016, ƙa'idar SOLAS, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare rayuka a teku, ta hana a ɗora kwantena mai kaya a jirgi sai an miƙa tabbataccen nauyinta. Kayan da za su Amurka kuwa, sai bayaninsu ya isa wurin kwastan ɗin ƙasar awa 24 kafin a yi lodinsu a tashar da za a ɗauke su, ba awa 24 kafin su isa can ba, kuma nan ne sababbi suke yawan ruɗewa. Ka makara a ɗaya daga cikin waɗannan, jirgi zai tashi ya bar kwantenar a ƙasa, in jirgin na mako-mako ne sai wani makon. Ƙarƙashinsu sai abin da kuɗi ke hawa a kansa kullum: kwantenonin da kwanakinsu na kyauta, wato waɗanda ba a cajin kuɗi a kansu, suka kusa ƙarewa, tarar jinkiri ta kusa fara ƙirguwa. Kada ka ƙirga kwanakin nan da ka. Ka buɗe yarjejeniyar ka ga daga yaushe ake fara lissafi, kuma ko ranakun hutu suna ciki, domin kowane kamfani da tsarinsa. Kwantena mai firji kuwa kullum da safe nake tambayar ma'aunin sanyinta, ko da kowa ya ce lafiya.

Abu na gaba shi ne agogon wasu. In ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Shanghai da Singafo suna gaban agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa 8, wato ƙarfe bakwai na safe a UTC ƙarfe uku na yamma ne a can, saura kaɗan su tashi daga aiki. Saboda haka duk wanda yake gabas da kai, shi za ka fara nema. Na yamma da kai bai ma farka ba, nasa zai iya jira. Ka kuma lura, Rotterdam da yawancin tashoshin Turai suna canja agogo a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, Sin kuwa ba ta canjawa, don haka tazarar da ka haddace ba ta zama daidai duk shekara. Idan kyaftin ya rubuto cewa zai iso ƙarfe shida, ba na ɗaga waya in nemi jagoran shigo da jirgi ko jiragen ja sai na tabbatar: shida ta agogon jirgi, ta tasha, ko ta UTC? Ni ma ba na rubuta lokaci tsirara, sai na haɗa da agogon da nake nufi. A tashar da babban jirgi ba ya shiga sai ruwa ya ciko, jadawalin cikowar teku ma yana kan teburina. A yawancin gaɓoɓi sau biyu ruwan ke cikowa a rana, kuma kullum yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50, don haka lokacin jiya ba zai yi maka aiki yau ba.

Bayan kiraye-kirayen gabas, nakan ware awa guda in rufe imel in zauna da takardu, tun ido yana da kaifi. Takardar shaidar lodi ba a duba ta da gajiya. Lambar kwantena haruffa huɗu ce da lambobi bakwai, ta ƙarshen kuma ta tantancewa ce. Nakan ɗora yatsa a kan takardar mai kaya, in karanta lambar a fili, in kwatanta da abin da ke kwamfuta, sannan lambar hatimi, yawan kunshi, nauyi, da sunan mai karɓa harafi bayan harafi. Gyaran da zai ci maka minti biyu yau, in jirgi ya tashi sai ya koma kuɗin gyara, da jiran amincewar kamfani, da kaya zaune a tashar wata ƙasa.

Duk wannan ba ya yiwuwa ga wanda bai yi barci ba, kuma a nan ne nake ganin mutanenmu suka fi cutar kansu, har ana alfahari da kwana biyu ba runtsawa. Ga ma'aikatan cikin jirgi doka ce a rubuce. Yarjejeniyar STCW, wadda ta tsara horo da aikin ma'aikatan jirgin ruwa, yadda aka gyara ta a Manila a 2010, ta ce hutu kada ya gaza awa 10 cikin kowace awa 24, da awa 77 cikin kwana bakwai, kada a raba na yini fiye da kashi biyu, ɗaya kuma ya kai aƙalla awa 6. Ba don ado aka sa ta ba. Lokacin da jirgin dakon mai Exxon Valdez ya hau kan dutse a Alaska ranar 24 ga Maris 1989, jim kaɗan bayan tsakar dare, masu binciken Amurka sun sa gajiya da yawan aikin jami'in da ke ɗakin tuƙi cikin musabbaban hatsarin. Idan kana cikin jirgi, ka rubuta awannin hutunka yadda suke, kada ka gyara su don takarda ta yi kyau. Ka iso ɗakin tuƙi kafin lokacin karɓar aiki, ka karanta umarnin dare na kyaftin, ka bar idonka ya saba da duhu kafin ka ce ka karɓa. Mu na tudu kuma akwai haƙƙi a kanmu. A jiragen da ake aikin awa huɗu a huta takwas, jami'i na biyu ne yawanci ke riƙe daga sha biyun dare zuwa huɗun asuba. Ƙarfe takwas na safe tsakar darensa ne. Ba na sa a tashe shi don takardar da za ta iya jira zuwa azahar.

Horon kai mafi wuya a wannan aiki shi ne faɗin labari marar daɗi da wuri. Jirgi ya yi jinkiri, ko an bar kwantena, rai yakan so a jira ko abin zai gyaru da kansa. Ka kira mai kaya da safen nan, ka gaya masa abin da ya faru, abin da ka riga ka yi, da lokacin da zai sake ji daga gare ka, sannan ka cika wannan lokacin ko da babu sabon labari. Wanda ya ji da ƙarfe tara yana da damar dakatar da motocin da ya ɗauka haya, ya sanar da nasa abokan ciniki. Wanda ya ji da ƙarfe biyar ya riga ya biya direbobi kuɗin zaman banza.

Minti goma sha biyar kafin tashi daga aiki, ka ɗauko sabuwar takarda. Ka rubuta jiragen da ake jira da lokacin isowarsu na ƙarshe da aka tabbatar, wa'adin da zai cika gobe, wanda ka yi wa alkawarin kira, da abin da ka bari a hannun mai kwanan aiki, tare da sharaɗin da zai sa ya tashe ka. Ka ba shi kwafi ɗaya, ka ajiye ɗaya a kan tebur.