Idan an damƙa maka tsohon kare a Saudiyya: yaushe ake fara maganin cutar Kushin?

Ɗan'uwa sabon zuwa, da yawa daga cikinmu aikin gona ko gadin gidan hutu a bayan Riyad da Kasim ne ya fara karɓarmu, kuma ba a daɗewa kafil, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka, zai nuna maka karnuka ya ce su ma suna hannunka. Wani na gadin garke ne, wani siririn saluki ne na farauta da maigida ke ji da shi. A gida mun saba kare shi ke neman wa kansa, nan kuwa idan ya rame ko ya mutu kai za a fara tambaya. Addini ya yarda a ajiye karen farauta da na kiwo da na gona, kuma hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi ya ishe mu dalilin kula da shi da zuciya ɗaya.

Akwai wata cuta ta karnukan da suka manyanta, galibi daga shekara 6 zuwa sama, wadda zafin ƙasar nan ke ɓoye ta. Sunanta Kushin, daga sunan likitan Amurka Harvey Cushing. Jikin kare ne ke fitar da sinadarin kotisol fiye da kima. Kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, sanadin ɗan ƙaramin ƙari ne a wata 'yar gaɓa da ke ƙasan ƙwaƙwalwa. Sauran kuwa ƙarin yana kan ɗaya daga cikin 'yan gaɓoɓi biyu da ke kusa da ƙoda.

Farkon abin da za ka gani shan ruwa ne ba ƙaƙƙautawa, da fitsari ko'ina, da haki ko yana kwance a inuwa. A watan Yuli, lokacin da zafin Riyad ke kai maki 45, kowa zai ce rana ce, shi ya sa nake roƙonka ka auna maimakon ka yi kintace. Kare mai lafiya yakan sha kamar mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. In ya wuce 100, akwai abin dubawa. Wato saluki mai kilo 20 da ke shanye sama da lita 2 kullum, har cikin sanyin Janairu, ba rana ce ke damunsa ba. Ka ware masa kwanonsa, ka zuba da gorar da ka san awonta, ka rubuta na kwana uku a jere. Sauran alamun a hankali suke zuwa: cin abinci kamar ba ya ƙoshi, tumbi ya sauko alhali cinyoyi na shanyewa, gashi na zuba a gefen jiki biyu ba tare da yana susa ba, kaurin fata ya ragu. Rashin susar nan ne ke raba ta da ƙazuwa.

Kafin komai, ka bincika ko wani yana ba shi deksametason ko firednisolon, irin ƙwayar da wasu ke sha a gida don su yi ƙiba. A gonaki akan ba kare ita don ƙaiƙayi, wata da watanni, kuma ita kanta tana haifar da alamun nan duka. In haka ne, kada ka yanke ta rana ɗaya. Likitan dabbobi ne zai tsara yadda za a riƙa ragewa.

To, yaushe ake fara magani? A ganina, kuma haka likitocin dabbobi da yawa ke bi, takardar gwaji ita kaɗai ba ta isa ba. Sau da yawa a gwajin jini na yau da kullum ake ganin wani sinadarin hanta ya hau, sai a fara zargin Kushin, alhali karen na cin abincinsa daidai, shan ruwansa daidai. Irin wannan sa ido ake yi, a sake dubawa bayan wasu watanni. Gwaje-gwajen tabbatarwa ma, har da wanda ake yi wa kare allura a ɗebi jininsa cikin awa 8, suna iya nuna cutar ga karen da wani ciwo daban ke wahalarwa. Sai alamu da gwaji sun haɗu ake magana.

Idan kuwa ƙishi ya hana shi barci, yana jiƙa shimfiɗarsa, ƙafafun baya sun fara gazawa, ko an sami hawan jini, ko ciwon mafitsara mai yawan dawowa, ko ciwon suga ya shigo, jira ya zama cutarwa. Ka gaya wa maigida kai tsaye, da takardar awonka a hannu.

Maganin da aka fi bayarwa tirilosten ne, wanda ake sayarwa da sunan Vetoryl. Ba ya warkarwa, danne kotisol yake yi, kuma har ƙarshen ran karen ne. Ana ba shi tare da abinci. Ana komawa gwajin jini bayan kwana 10 zuwa 14, sannan bayan wata guda, daga nan kusan duk wata uku. Wannan zirga-zirgar ce ya kamata a yi maganarta tun kafin a buɗe kwalin farko: wa zai biya, wa zai ɗauki kare daga gona zuwa asibitin cikin gari? Idan babu mai tsayawa a kai, fara maganin na iya fin barinsa haɗari, domin in ya yi yawa kotisol ɗin faɗuwa yake ƙasa. Ka ga amai, gudawa, ƙin abinci ko kasala mai tsanani, ka dakatar da ƙwayar ka kira likita a ranar. Idan hoton ciki ya nuna ƙarin na kusa da ƙoda ne, tiyata kan warkar da wasu.

Kada ka rage masa ruwa don fitsari ya dame ka. A zafin nan hakan na iya kashe shi. Kada ka ɓare ƙwayar maganin ko ka farfasa ta, kuma mace mai ciki kada ta taɓa ta. Ranar da za ka tafi hutu gida, ka rubuta wa wanda zai riƙe maka aikin lokacin ba da magani, da yawansa, da ranar gwaji na gaba, da lambar likitan.